Guntun Sarƙa a Gwangwanin Maɓallai

Farkon watan biyu

Kanzil,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta same ka da ƙafafunka a ƙasa, ba a saman injin haƙan nan naku ba. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke ƙorafi duk ranar da na daɗe a kan keken ɗinki. 'Yarka Wushirya tana gaishe ka. Ta ƙara tsawo, siket ɗin makarantar da na ɗinka mata har na warware kalmasarsa sau ɗaya.

Da kamfaninku ya tura ku haƙan rijiyoyi can inda waya ba ta shiga, ka ajiye mini ita ka ce a duba haƙorin da ke damunta, in an gama a kai ta gidan ƙanwarka. To an duba, sai dai maganar ba ta kwana biyu ba ce.

Likitar ta ɗora hoton muƙamuƙin a jikin allo mai haske ta nuna mini. Turmi ne na ƙasa, ɓangaren dama, cikin manyan haƙoran tauna na can ciki. Tun bara ya kamata ya fito, amma ya kwanta a karkace cikin ƙashi, kansa ya tokare da gindin na gabansa. Shi yana turawa, wancan ya tare hanya. Ciwon da take ji har cikin kunne ke nan. In aka ƙyale shi zai cinye saiwar lafiyayyen, a rasa biyu.

Hanya biyu ce. Ko a cire shi, ta zauna da giɓi a wurin tauna tun tana shekara goma sha uku. Ko a tsaga dasashi, a manna masa ɗan maɓallin ƙarfe mai siririyar sarƙa, a ɗinke, a bar bakin sarƙar a waje. Sai a sa mata ƙarafunan haƙori, a ɗaure sarƙar a jikin waya da zaren roba, a riƙa jan shi kaɗan-kaɗan. Duk mako huɗu a je a ƙara ɗaurewa. Shekara ɗaya da rabi, in ji ta, wataƙila biyu.

Na ce mata, "Likita, ba za a fizgo shi gaba ɗaya kowa ya huta ba?" Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Goggo, haƙori ne fa, ba ƙusa ba. In aka yi masa gaggawa saiwar ce za ta mutu."

Ni dai ra'ayina a ja shi. Kuma ba zan ɓoye maka ba, da son raina a ciki, don in za a ja shi sai ta zauna a nan kusa da asibitin. Na san zumuncinmu sai an hau har kan kakanni kafin a haɗu, ƙanwarka ta fi ni kusa. Amma ita 'ya'ya bakwai gare ta a ɗaki biyu, ni kuwa tun da nawa suka watse sai ni da keke. Ban san gidan nan ya yi shiru haka ba sai da yarinyar nan ta zo ta cika shi da surutu.

Ga takardar da za ka sa wa hannu. Ka ba direban tankar ruwanku ya dawo da ita, kuma don Allah ka rubuta fiye da layi uku. Ba a banza muka sa maka Kanzil ba.

Yayarka Tela


Ƙarshen watan biyu

Yaya,

Amin, na amsa sallamarki. Lafiyata ƙalau. Gwiwar ki riƙa ɗora ta a kan kujera.

Na karanta sau biyu, na sa hannu. A ja shi. Ciro abin da ya maƙale a rami shi ne rabin aikina, don haka na fahimci likitar. Marigayiya uwarta ma irin wannan haƙorin ne ya wahalar da ita. Shekara tara muna tare, da ɓangare ɗaya take tauna. Ba na so 'yarta ta gaji wannan.

Sharaɗi biyu gare ni.

Na farko, a gaya wa likita kada ƙarafunan su rufe wushiryar da ke tsakanin haƙoranta na gaba. Ta uwarta ce.

Na biyu, na san 'yata. Tana tauna murfin biro, tana fasa ƙanƙara da haƙori, kuma ranar da aka ce kada ta taɓa abu, ranar take taɓa shi. Ki gaya mata daga bakina: in ta ɓata aikin nan da gangancinta, ba za a yi na biyu ba. A cire haƙorin, ta tafi gidan ƙanwata kamar yadda aka shirya tun farko. Ba zan bari a riƙa yankar mata baki a kan abin da ba ta ɗauka da muhimmanci ba. Kuma ba zan bar miki wahala ba, ga shago ga gwiwa.

In kin ji ni shiru, hanya ce. Tankar ba ta shigowa sai ƙasa ta bushe.

Layi ya fi uku.

Ƙanenki


Tsakiyar watan bakwai

Kanzil,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji direba ya ce kun sami ruwa a rijiya ta huɗu, barka. Gwiwa ta yi sauƙi, yanzu kuma ƙugu ne ya karɓi aiki. Wushirya lafiya lau, ta zo ta shida a aji, ta ce in gaya maka na biyar ɗin satar amsa yake yi.

Ka ce wasiƙuna biyu na baya sun jiƙe a tanka ba su karantu ba, to bari in sake daga farko. An yi aikin cikin minti arba'in, da allurar kashe zafi, tana riƙe da hannuna har ta bar mini shaidar farce. Ɗinki huɗu aka yi. Na leƙa na gani. Ba laifi, amma ƙullin irin na 'yan koyo ne, an bar jelar zare tana reto. Da a shagona ne da na sa an warware. Na dai kama bakina, tun da ba a tambaye ni ba. Kuncinta ya kumbura kwana uku, ayaba da madara kawai take sha, a rana ta huɗu ta fara yi mini gardama, na san ta warke.

Maganar wushirya na faɗa wa likita. Ta yi dariya ta ce ita duk wanda ya zo roƙonta yake yi ta rufe, yau ga mai roƙon a bari. Ta sa ɗan wani abu a jikin wayar da ke hana haƙoran gaban matsowa. Tana nan yadda ka san ta.

Duk mako huɗu muna shiga mota biyu, mu hau bene na uku, mu zauna a ɗakin jira da ke da akwatin gilashi da kifi ɗaya tal a ciki. Wushirya ta sa masa suna Kanzil, wai shi ma bakinsa yana motsi amma ba a jin komai. In haƙorin ya ɗan taso, sarƙar takan yi tsawo, sai likita ta cire gaɓa ɗaya ta ba ta a tafin hannu. Uku aka cire zuwa yanzu. Tana ajiye su a gwangwanin maɓallaina, kullum sai ta zazzage mini shi a tebur ta ƙirga.

Makon jiya wani ɗan abu ya saki yana tsokanar kuncinta, asibitin kuma an tafi hutun kwana huɗu. Na gyara mata shi a nan gida cikin minti ɗaya, ta ci abinci ta ƙoshi.

Ta koyi saka maɓalli da yin kalmasa. Hannunta yana da kyau, sai dai ba ta da haƙurin warware abin da ta ɓata. Ban san inda ta gado wannan ba.

Yayarka Tela


Farkon watan takwas

Kanzil,

Sallama. Muna lafiya, ina fatan kai ma haka.

Ga takarda daga likita, ta ce kai za ka zaɓa. Mun je ranar Talata ta duba ba ta ga sarƙar ba. Ta tsinke, guntun da ya rage ya shige ciki, dasashi ya rufe a kansa. An ɗauki hoto, maɓallin yana nan manne da haƙorin, amma babu abin da za a kama a ja.

Likita ta tambayi Wushirya yadda aka yi. Ta ce ƙanƙara ta tauna.

Yanzu ko a sake tsaga dasashin a sa wata sarƙar, ko a cire haƙorin. Ta ba da wata biyu. Ta ce bayan haka zai koma kwanciyarsa, ya ci gaba da cin na gabansa, ita kuma ba za ta ɗauki alhakin jira ba.

Aiki ya yi mini yawa, shi ya sa ban tsawaita ba.

Yayarka


Ƙarshen watan takwas

Yaya,

Lafiya lau nake. Na ga takardar.

Na sa hannu a kan a cire shi. Na faɗa tun farko, kuma ta ji.

Wasiƙarki ta yi gajarta, ba ki zolaye ni ko sau ɗaya ba. Na san dalili. Kin gaji ne kina jin nauyin faɗa. Wata shida kina rufe shago kina hawa bene uku da wannan gwiwar, yarinya ta zubar da shi duka a kan ƙanƙara. Ki yafe mini da na ɗora miki. Ke kin yi naki har da ƙari.

Na aika wa ƙanwata. In an cire haƙorin wurin ya warke, za ta zo ta ɗauke ta. Akwai makaranta kusa da su.

Ki gaya wa Wushirya na ji kunya. Kada ta rubuto mini tukuna, ba ni da abin da zan ce mata.

Ƙanenki


Mako na farko a watan tara

Kanzil,

Ina gaishe ka. Lafiyar jiki dai akwai ta. Ka zauna kafin ka karanta sauran.

Wushirya ba ta tauna ƙanƙara ba. Tun ranar da aka sa mata ƙarafunan ba ta kai ƙanƙara baki ba, murfin bironta ma ko shaidar haƙori babu. Ni na yanke sarƙar.

Ranar Alhamis ce da rana. Zaren robar da ya ɗaure sarƙar da waya ya tsinke, abin da likita ta ce yakan faru. Sarƙar ta saki tana reto, tana shiga tsakanin haƙora in ta yi tauna, ta gurje mata kunci har ya yi jini. Kakin da ake liƙawa a kan ƙarafunan don kada su gurje baki ya ƙare, asibiti a rufe, ga jarrabawa washegari. Na zaunar da ita a bakin ƙofar shago inda haske yake, na sa tabarau, na ce ta buɗe baki. Abin da na gani zare ne ya saki. Shekara talatin ina ɗinki, in zare ya saki ba na tunani, hannuna ne ke yi. Na ɗauki ƙaramin almakashina na yanke shi daidai gindi, yadda ba zan taɓa barin jela a rigar mutum ba. Har na ji daɗin yadda ya fita tsaf. A zatona likita za ta ɗaura wani ne kawai. Mako uku muka yi ba mu je ba, tun da yarinya ba ta jin ciwo, ni kuwa ina ta yabon kaina. Har a wasiƙa na yi maka alfahari da shi.

Ranar da likita ta tambaya, ina zaune a kan kujera kusa da wurin wanke hannu, jakata a cinya, almakashin yana cikinta. Kafin in buɗe baki Wushirya ta ce, "Ƙanƙara na tauna." Likita ta yi mata faɗa sosai. Ni kuma na yi shiru. Wannan shirun ya fi yankan muni, kuma shi ne abin da ke hana ni cin abinci.

A mota na ce mata, "Me ya sa kika yi haka?" Ta ce, "Goggo, Baba ya saba da laifina, faɗa zai yi ya huce. Naki ne bai saba da shi ba. In ya ji ba zai ƙara barin ki da ni ba." Na ce mata ƙarya babu kyau, sannan na zo gida na rubuta maka wasiƙar da babu ƙarya a cikinta ko ɗaya, kuma babu gaskiya. Tsoro nake ji ka ɗauke ta. Na yi fatan kai ma faɗan kawai za ka yi.

Da amsarka ta zo na karanta mata har ƙarshe, don ta ce kada in tsallake komai. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗauki ɗan burushin nan da take bi tsakanin ƙarafunan da shi, ta wanke bakinta kamar kullum, sannan ta tambaye ni ko akwai kwalin da za ta zuba littattafanta.

Jiya na koma asibitin ni kaɗai na gaya wa likita. Ta cire tabarau ta ajiye. Can ta ce, "Goggo, da kin zo ranar da muka dawo hutu, da 'yar ƙugiya zan kamo shi. Ko allura ba sai an yi ba." Ta ce za ta nemi gafarar yarinyar da bakinta. Ta ba ni sabuwar takarda, ga ta nan. Wadda ka sa wa hannu tana cikin aljihun keke, ban kai ba.

Ga kuma guntun sarƙar, gaɓa biyar, na naɗe a ƙyalle. A gwangwanin maɓallai na ɓoye shi, Wushirya na ganinsa kullum ba ta taɓa cewa komai ba. Ka duba bakinsa da kyau, za ka ga yanka ne. Almakashin ma ga shi, ba na son ganinsa.

In ka ɗauke ta daga hannuna kana da gaskiya, ba zan ce uffan ba. Roƙona ɗaya ne, a bar mata haƙorinta. Daga gidan ƙanwarka zuwa asibitin tafiyar awa uku ce, sau ɗaya a mako huɗu, ana iya yi. Ita ba ta karya sharaɗinka ba.

Yayarka


Mako na ƙarshe a watan tara

Kanzil,

Gaisuwa. Muna nan lafiya. Mako uku ke nan ban ji daga gare ka ba, direba ma ban gan shi ba. Wannan takardar ofishin kamfaninku zan kai, ko za a sami mai shiga. Ban sani ba ko hanya ce ko fushi. In fushi ne ka yi shi, amma kwana tara suka rage cikin wata biyun da likita ta bayar, kuma ta ce ba za ta taɓa yarinyar ba sai da sa hannun uba.

Ƙanwarka ta kira ta ce ta gyara mata wurin kwana tare da 'yan matanta uku. Na haɗa wa Wushirya kayanta a akwati, yana bayan ƙofa. Wushirya tana cire kayan da za ta sa da safe, ta mayar da yamma. Gaɓoɓinta uku ta kwashe daga gwangwani ta ƙulle a gefen ɗankwali.

Siket ɗin ya sake yi mata kaɗan, kuma babu sauran kalmasar da zan warware. Na je wurin mai yadi jiya na tsaya na dawo hannu wofi. Makarantar nan shuɗi suke sawa, ta can kore, ban san wanda zan saya ba.

Da reza nake yanke zare yanzu. Na yanke yatsa sau biyu.

Yayarka


Ranar biyu ga watan goma

Yaya,

Lafiyata ƙalau. Ruwa ne ya cinye hanya, tanka ta kafe kwana goma sha takwas. Wasiƙunki biyu yau da safe suka iso tare. Direba yana jirana ya juya, ya yi alkawarin ba zai tsaya ko'ina ba sai ƙofar shagonki.

Na duba bakin sarƙar. Yanka ne. Na kuma ciro wasiƙarki ta watan bakwai na nemo layin da kika ce kin gyara ɗan wani abu. A lokacin da na karanta shi har albarka na sa miki.

Na yi fushi, kuma ban gama ba. Za a sake tsaga bakin 'yata saboda ke. Na sa hannu a sabuwar takardar, a ja shi. Ranar aikin ke za ki riƙe mata hannu, kuma ki kalla, kada ki kau da kai. Tsohuwar takardar ki yaga ta.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A shekarata ta biyu a aikin nan na kwance wani maƙalin ƙarfe da na ga kamar ba ya riƙe komai. Bututu goma sha ɗaya suka zurma cikin rami, aka rasa rijiyar. Aka ɗora laifin a kan wani dattijo da ke kan injin ranar, aka sallame shi. Ina tsaye ya naɗe tabarmarsa ya yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, har ya dafa kafaɗata. Shekara goma sha bakwai ke nan. Ni ban rubuta wa kowa wasiƙa ba.

Akwai takarda dabam a ciki, ta Wushirya ce, kada ki karanta. Na ba ta haƙuri. Maganar ƙaryar kuma sai na zo mu zauna mu uku.

Guntun sarƙar na riƙe, yana aljihun rigata. Almakashin ga shi nan. Bakinsa ya ɗan lotsa inda ya ci ƙarfe, na wasa shi a dutsen injinmu, na ɗaure masa ƙusa. Na yadi ne. In wani abu ya sake saki a bakinta, ko da tsinke ne, ki rufe shago ki shiga mota.

Ƙanwata ni zan yi mata bayani. Ki buɗe akwatin nan ki mayar da kayan inda suke.

Yadin siket kuma ki sayi shuɗi.

Ƙanenki Kanzil